Kundin da aka dawo da shi sau uku: yadda wani shago ya ɗaure salon rubutu a kan maɓallai

Shagon da aikinsa

Shagon yana bakin ƙofar wata jami'a, cikin jerin shagunan buga takardu da ɗaurin kundi. Kwamfuta biyu ce ta tebur a ciki, kowacce da Windows 10 da Word 2016, sai firinta ɗaya da ƙaramin janareta. Mai shagon ya fara wannan sana'a tun zamanin tafireta, hannunsa na da sauri, amma Word da ka ya koye shi, babu wanda ya zaunar da shi. 'Yar yayarsa ce ke zama a kwamfuta ta biyu. Mafi yawan masu kawo musu aiki ɗaliban sashen harsunan Nijeriya ne masu rubuta kundi da Hausa, sai 'yan sashen Larabci da nazarin addinin Musulunci jefi-jefi, shi ya sa aka saka kibod ɗin Larabci a duka kwamfutocin.

Ƙa'idar da ɗalibai ke zuwa da ita ba ta cika canzawa ba: Times New Roman, girma 12, tazarar layi biyu, kan babi a tsakiya da manyan haruffa, dogayen maganganun da aka ɗauko daga wani wuri a tura su ciki a matse layukansu, manazarta kuma layin farko ya fito waje sauran su shiga ciki da rabin inci. Duk wannan da linzamin kwamfuta (mouse) ake yin sa a shagon. A zaɓi kanun, a danna B, a je a sauya girma, a kai shi tsakiya, a wuce na gaba. Ƙumshiya kuwa da hannu ake buga ta, ana jera ɗige-ɗige har zuwa lambar shafi.

Haruffa masu ƙugiya su ma da tasu wahalar. Akwai wani ƙaramin fayil a kan fuskar kwamfutar da aka ajiye ɓ, ɗ, ƙ da manyansu a ciki, daga nan ake kwafo su. Idan aiki ya yi yawa sai a buga b, d, k kawai, a ce a gyara daga baya. Wasu ɗaliban kuma sukan zo da rubutun da aka buga da tsofaffin font na Hausa irin su Rabi'at, waɗanda suka yi wa mutane rana kafin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, ya bazu. Kwamfutar da babu font ɗin a cikinta sai ta nuna }asa a madadin ƙasa, ]aya a madadin ɗaya.

Makon farko na Satumba: an dawo da kundi

Wani ɗalibin digiri na biyu ya kawo kundi mai shafi 146, babi biyar, ƙananan kanu 71, dogayen ɗauko 38. An yi kwana ɗaya da rabi ana shirya shi. Bayan kwana huɗu ya dawo da shi da jan biro: malaminsa ya ce kan babi ya koma girma 12 maimakon 14, a cire jan layin da ke ƙarƙashin ƙananan kanu, a ƙara tura dogayen ɗauko ciki. Gyara uku ne a baki, amma a aikace wuri 114 ne za a bi ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama, shafuka suka goce, aka koma ƙumshiya ana sauya lambobi. Kwana biyu suka tafi, kuma babu ƙarin kuɗi, domin an yi ciniki a kan kundin ne gaba ɗaya. Da aka buga, sai aka ga kanu huɗu sun tsere da jan layinsu.

A nan mai shagon ya yanke cewa linzamin ne ke cinye masa lokaci, kuma maganin abin shi ne kowane aiki ya samu maɓallin yanke.

Mako na biyu: Ctrl+B ya zama ɓ

Da haruffa ya fara. Ya shiga Insert, Symbol, More Symbols, ya nemo ɓ, ya danna Shortcut Key. Abin da ya fi sauƙin tunawa ya zaɓa: Ctrl+B ga ɓ, Ctrl+D ga ɗ, Ctrl+K ga ƙ. A cikin wannan akwatin, da zarar an danna maɓallan, wani ɗan rubutu na fitowa a ƙasa, Currently assigned to, yana faɗin aikin da maɓallan ke yi a yanzu. Ya nuna masa Bold, ya nuna Font, ya nuna Hyperlink. Word ba ya hana kowa, kuma ba ya sake tambaya. Ana danna Assign ya karɓa. Shi dai ya san Ctrl+Shift+B ma yana kaurara rubutu, don haka bai ga asara ba. Sai dai bai gaya wa yarinyar ba, kuma ya yi wannan saiti a kwamfutar da su biyu ke musayar zama a kanta idan firinta ta tsare ɗayansu.

Washegari tana shirya wani aikin, ta zaɓi kanun wani sashe gaba ɗaya ta danna Ctrl+B yadda hannunta ya saba, idonta na kan takardar ɗalibin. Word kuwa duk abin da aka zaɓa, sabon harafi na shigowa yake maye gurbinsa. Sai da ta yi kanu shida kafin ta ɗago kai.

"Kawu, zo ka ga. Kanun duk sun ɓace, sai ɓ kawai nake gani."

Ctrl+Z ya dawo da su, domin ba a rufe fayil ɗin ba. Aka koma File, Options, Customize Ribbon, aka danna Customize da ke gaban Keyboard shortcuts, aka yi Reset All. Wata matsalar ta bayyana a takardun da aka riga aka buga a wannan rana: haruffan masu ƙugiya sun fi sauran kauri da faɗi. Dalili shi ne a akwatin Symbol ya ɗebo su daga wani font daban, maɓallin kuma ya riƙe font ɗin tare da harafin.

Ya sake gwadawa da Ctrl+Alt, ya tarar nan ma da masu wuri: Ctrl+Alt+D na saka bayanin ƙarshen takarda, Ctrl+Alt+K na kunna AutoFormat. A ƙarshe ya tsaya a kan Alt+B, Alt+D, Alt+K ga ƙanana, da Alt+Shift ga manya. Wannan karon ya bar gurbin font a kan normal text, ya buga lambobin haruffan kai tsaye: 0253 ga ɓ, 0257 ga ɗ, 0199 ga ƙ, sai 0181, 018A da 0198 ga manyansu. Alt+Shift+D a asali kwanan wata yake sakawa, Alt+Shift+K kuma na aikin haɗa wasiƙu ne. Babu mai amfani da su a shagon, aka sadaukar.

Saura ƙaya ɗaya. A Windows, danna Alt da Shift a sake su ba tare da harafi ba yana sauya harshen kibod. Duk sanda yatsa ya kuskure Ƙ, sai rubutu ya juye Larabci. Aka shiga saitin kibod na Windows aka cire wannan haɗin, aka bar maɓallin Windows da Space su riƙa sauya harshe.

Mako na uku: makiro

Haruffa sun zauna, sai ya juya kan kanu. Wani maƙwabcin shago ya nuna masa Record Macro: ka kunna, ka yi aikin sau ɗaya, Word ya haddace, ka ba shi maɓalli. Ya naɗi guda uku, na kan babi, na ƙaramin kanu, na dogon ɗauko, ya ɗora su a Alt+1, Alt+2, Alt+3.

Sauri ya samu nan take. Kanun da ke cin danna biyar ya koma danna ɗaya. Amma abu biyu suka biyo baya. Na farko, da yake ta akwatin Font ya bi lokacin naɗin, makiron bai haddace abin da ya sauya kawai ba, ya kwashe duk abin da ke cikin akwatin, har da cewa babu karkataccen rubutu. Duk kanu ko ɗaukon da ke da sunan littafi ko kalmar aro a karkace, maɓallin na taɓa shi sai ya miƙar da su. A kundin adabi wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, kuma ba ta nuna kanta sai an karanta.

Na biyu ya fito ne da ɗalibin nan ya dawo karo na biyu, bayan gabatar da aikinsa a sashe. Yanzu an ce ƙananan kanu su daina zama a tsakiya, su koma hagu. Makiron ba shi da abin cewa a kan kanun da aka riga aka yi. Sai da aka sake naɗar sabo, aka bi kanu 71 ana dannawa. Awa uku maimakon yini guda, amma ƙumshiya na nan da hannu, kuma biyu sun sake tserewa.

Ƙarshen Satumba: an ɗauke wuta

Wata ranar Asabar ya zauna da yamma ya ƙara maɓallai kusan goma, ya gyara makiron da ke miƙar da rubutu. Bai rufe Word ba ya ci gaba da wani aiki, aka ɗauke wuta, kwamfutar kuma ba ta da batirin riƙo. Da janareta ya tashi, fayil ɗin da yake aiki a kai ya dawo ta hanyar AutoRecover, amma sabbin maɓallan babu ko ɗaya.

A akwatin Customize Keyboard akwai wani gurbi, Save changes in, wanda bai taɓa kula da shi ba. A kan Normal.dotm yake tsaye. Wannan fayil shi ne tamfilet ɗin da Word ke gina kowace sabuwar takarda a kansa, kuma a nan maɓallai da makiro ke kwana idan ba a ce wani wuri ba. Ctrl+S takardar da ke buɗe kawai yake adanawa, shi Normal.dotm sai an rufe Word lafiya ake rubuta sauye-sauyensa. Wannan ne kuma ya bayyana abin da yarinyar ta yi ta faɗa tun mako biyu, cewa Alt+K ba ya yi mata komai a tata kwamfutar: kowace na'ura da nata Normal.dotm, a cikin AppData, Roaming, Microsoft, Templates.

Makon farko na Oktoba: salo

Yarinyar ce ta kawo juyin. Wata ɗaliba ta zo da fayil da aka shirya a wani wuri, ta ce lambobin shafi kawai za a gyara a ƙumshiya. Ana taɓa ƙumshiyar sai ta yi duhu gaba ɗaya kamar abu guda, aka danna F9, lambobin suka daidaita da kansu. Ta bi kanun fayil ɗin ɗaya bayan ɗaya ta ga kowanne na haskaka Heading 1 ko Heading 2 a jerin Styles, wato salo, da ke saman Word. Waɗannan akwatunan kullum suna gabansu, amma mai shagon ya taɓa danna ɗaya ya ga rubutu ya koma shuɗi da wani font, tun daga ranar ya ɗauke su kayan ado ne.

Suka ware yini guda ba su karɓi aiki ba. A sabuwar takarda suka danna dama a kan Heading 1, Modify, suka mayar da shi Times New Roman 12, baƙi, mai kauri, a tsakiya, manyan haruffa. A ƙarƙashin Format, Paragraph, suka sa alamar Page break before, don kowane babi ya fara a sabon shafi ba tare da an jera Enter ba. Heading 2 da Heading 3 aka yi musu nasu. Waɗannan uku ba su buƙaci sabon maɓalli ba, da nasu suka zo: Ctrl+Alt+1, Ctrl+Alt+2, Ctrl+Alt+3. Shekara da shekaru suna ƙarƙashin yatsunsa.

Sannan suka ƙirƙiri nasu salon guda huɗu da sunayen Hausa. Matani, ga gundarin rubutu, tazara biyu, gefe da gefe a daidaice. Ɗauko, an tura shi ciki ta hagu da dama, tazara ɗaya. Manazarta, mai rataye na rabin inci. Aro kuma salon harafi ne ba na sakin layi ba, yana karkata kalmar da aka zaɓa kawai. A kowane kanu suka sa Style for following paragraph ya zama Matani, ta yadda ana gama buga kanu a danna Enter, rubutu zai koma yadda yake. A cikin Matani da Ɗauko suka shiga Format, Language, suka sa alamar kada a duba kuskuren rubutu. Jan zanen da ke cika shafin Hausa, tun da Word yana auna ta da ƙamus ɗin Turanci, ya ɗauke.

Wajen ba su maɓallai, ta Modify, Format, Shortcut key, sun yi amfani da wani abu da ba kowa ya sani ba: Word na karɓar maɓalli mai hawa biyu. Ka danna Alt+Z, ka saki, ka danna harafi. Suka sa Alt+Z sannan M ga Matani, D ga Ɗauko, N ga Manazarta, A ga Aro. Ƙofa ɗaya aka ci, ɗakuna da yawa a bayanta, kuma ba a ture kowa daga wurinsa ba. Makiro ukun nan aka goge su.

Kuskure ɗaya suka yi a ranar. A akwatin Modify akwai Automatically update, mai shagon ya ga sunan ya yi masa daɗi ya sa wa Matani alama. Da ya kai layi ɗaya tsakiya, duk takardar ta bi shi tsakiya, domin alamar na nufin duk abin da aka yi wa sakin layi ɗaya ya zama dokar salon. Aka cire ta.

Tsakiyar Oktoba: raba kaya gida biyu

Saura inda za a ajiye. Sun fara gwada Organizer, wanda ake shiga ta Manage Styles, Import/Export, don kwashe komai zuwa kwamfuta ta biyu. Ya kwashe salo, bai kwashe maɓallai ba. Ba ya ɗaukar su.

Abin da ya zauna shi ne tamfilet biyu. Na farko suka kira shi Kundi.dotx: salon duka da maɓallansu, kuma sun tabbatar sunansa ne a gurbin Save changes in kafin su danna Assign. Na biyu, Haruffa.dotx, maɓallan ɓ, ɗ, ƙ kawai ke ciki, aka jefa shi a jakar STARTUP ta Word, cikin AppData, Roaming, Microsoft, Word. Duk tamfilet da ke wannan jaka Word na loda shi yana tashi, maɓallansa na aiki a kowace takarda, amma salonsa ba ya shiga takardu. Shi ya sa aka raba: haruffa ana son su ko a wasiƙar neman aiki, salon kundi kuwa sai a kundi. Suka ƙara ƴ da Ƴ, 01B4 da 01B3, saboda ɗaliban Nijar da ke rubuta shi haka a inda 'yan Nijeriya ke sa 'y.

Idan ɗalibi ya kawo nasa fayil, ana shiga File, Options, Add-ins, a zaɓi Templates a danna Go, a maƙala masa Kundi.dotx, a sa alamar Automatically update document styles, salon ya shigo, sannan a koma a cire alamar. Daga nan Ctrl+Shift+8 ya tona asirin abin da ke ɓoye, Enter goma a jere da tazarar da aka yi da Space. Sai a tsaya a kan kanu ɗaya, a bi Home, Select, a zaɓi duk rubutu mai kama da shi, a danna Ctrl+Alt+2 sau ɗaya. Inda tsohon gyaran hannu ya ƙi sauka, Ctrl+Q na wanke na sakin layi. Ctrl+Space na wanke na haruffa, amma da shi ake taka-tsantsan, don har karkatattun kalmomi yake miƙarwa. Ɗora salon kansa bai cika yin wannan ɓarna ba: muddin gyaran hannu bai wuce rabin sakin layin ba, Word na barin sa.

Fayilolin biyu aka kwafe su a filasha aka ajiye a durowa. A File, Print, cikin jerin abin da za a buga, akwai Key Assignments. Suka buga shi suka manna a bango tsakanin kwamfutocin.

Nuwamba: dawowa ta uku

Ɗalibin farko ya dawo bayan jarrabawar baki da gyaran ƙarshe. A ciki har da cewa kan babi ya koma 14, wato inda aka fara. An riga an mayar da kundinsa kan salo a Oktoba, aikin da ya ci awa huɗu. Yarinyar ta buɗe Modify a kan Heading 1, ta sauya lamba ɗaya, ta je ƙumshiya ta danna F9. Bai kai minti biyar ba, kuma babu kanun da ya tsere. Ɗalibin da ya zo da shirin barin filasharsa zuwa jibi ya ce, "Malam, har an gama?"

A wannan wata sun shirya kundi tara. Mai shafi 150 da aka buga a wani wuri yana cin kimanin awa uku zuwa huɗu, yawancinsu a share Enter da Space. Wanda aka buga a shagon tun daga farko ba ya buƙatar wani zaman shiri daban. A ƙarshen watan kwamfuta ta farko ta lalace, mai gyara ya goge ta ya sake saka Windows. Dawo da maɓallan kwafe fayil biyu ne daga filasha.

Abin da ya sa wannan ya yi, wancan bai yi ba

Mai shagon ya gano rabin ciwon daidai tun a Satumba: linzami na cin lokaci. Inda ya kauce shi ne abin da ya ɗaure wa maɓallin. Makiron yana cewa ne "kaurara, ƙara girma, kai tsakiya", ya yi ya wuce, takardar ba ta san wannan layin kanu ba ne. Ctrl+Alt+2 kuwa suna yake raɗa wa layin, kamanninsa na ajiye a wuri ɗaya. A sana'ar da malami zai ce 12 yau ya ce 14 gobe, saurin bugun farko ba shi ne riba ba, gyara na biyu da na uku su ke cinye kuɗin aiki. Da ya tsaya a kan makiro, da yana nan yana bin kanu 71 da sauri.

Asarar Ctrl+B da ta ranar Asabar kuwa duk daga layuka biyu ne na akwati ɗaya da bai ɗauke su da muhimmanci ba, Currently assigned to da Save changes in. Na farkon ya fi muni a shagon da mutum biyu ke zama a kujera ɗaya, domin hannun da ya shekara yana danna Ctrl+B ba ya duba bango kafin ya danna. A ganina maɓalli mai hawa biyu shi ne zaɓin da ya fi dacewa da su, ko da ya ƙara danna ɗaya, tun da bai ƙwace wa kowa abin da ya saba ba.

Akwai inda tsarin bai kai ba. Ɗaliban da ke bugawa a waya su turo ta WhatsApp har yanzu da b, d, k tsirara suke zuwa, kuma babu maɓallin da zai bambance kasa da ƙasa sai mai karatu. Mai aiki a Google Docs zai samu Ctrl+Alt+1 da 'yan uwansa ga kanu, amma ba zai iya ƙirƙirar nasa maɓallin ba kamar a Word. Alamar 'y ma tana nan tana ba su aiki: a farkon kalma Word na juya ta ta fuskanci dama kamar buɗe zance, sai an danna Ctrl da alamar, a sake danna alamar, kafin ta tsaya daidai. Yarinyar ta ce a ba 'y nata maɓallin a cikin Haruffa.dotx. Kawun ya ce a bari a fita daga lokacin kundi tukuna.